Sarrafa Motsin Rai da Tasirinsa ga Ƙwazon Aiki da Karatu

Duk wanda ya daɗe yana koyarwa, ko ya taɓa jagorantar mutane a wurin aiki, ya san wani al'amari mai ɗaure kai. Akan sami ɗalibi mai kaifin ƙwaƙwalwa wanda malamansa ke alfahari da shi, amma da zarar an raba takardar jarrabawa sai hannunsa ya kama rawa, abin da ya haddace jiya da dare ya ɓace masa ɓat. Akan kuma sami ma'aikaci ƙwararre wanda babu mai ja da iliminsa, sai dai idan aka yi masa gyara kaɗan yakan kwana uku yana cin magani, har abokan aikinsa su daina gaya masa inda matsala take. A gefe guda kuma ga wani wanda iliminsa matsakaici ne, amma yana da natsuwa idan abubuwa sun cuɗe, ya san lokacin magana da lokacin shiru, kuma sannu a hankali sai a ga ya wuce waɗanda suka fi shi maki a makaranta. Irin wannan abin lura ne ya sa masana halayyar ɗan Adam suka fara tambaya ko fahimtar motsin rai da iya sarrafa shi wata basira ce mai zaman kanta, wadda za a iya aunawa, kuma idan haka ne, mene ne rabonta a cikin nasarar aiki da karatu.

Tunanin yana da tsohon tushe. Tun a 1920 Edward Thorndike ya yi magana a kan basirar zama da mutane, sannan a 1983 Howard Gardner ya lissafa sanin kai da sanin wasu a cikin ire-iren basirar da ya ce ɗan Adam yana da su. Amma waɗanda suka tsara batun a matsayin abin bincike su ne Peter Salovey na Jami'ar Yale da John Mayer na Jami'ar New Hampshire, a wata maƙala da suka wallafa a 1990. A 1997 suka ƙara daidaita shi zuwa rassa huɗu. Na farko shi ne gane motsin rai, wato mutum ya iya karanta damuwa ko fushi ko jin kunya a fuska da murya, nasa da na wasu. Na biyu shi ne amfani da yanayin da zuciya take ciki wajen taimakon tunani. Na uku shi ne fahimtar yadda motsin rai yake aiki, kamar sanin cewa takaicin da aka daɗe ana haɗiyewa yakan rikiɗe ya zama fushi, ko cewa sau da yawa tsoro ne ke ɓoye a ƙarƙashin zafin kai. Na huɗu shi ne sarrafawa, wato mutum ya iya kwantar da kansa ko ya kwantar da wani ba tare da ya ɓata abin da ake nema ba.

Da an bar maganar a nan, da wataƙila ba ta fita daga ɗakunan karatu na jami'o'i ba. Wanda ya kai ta kasuwa shi ne Daniel Goleman, masanin halayyar ɗan Adam da ke rubuta labaran kimiyya a jaridar New York Times, wanda littafinsa na 1995 ya karaɗe duniya, aka fassara shi zuwa harsuna da dama. Goleman ya faɗaɗa ma'anar har ta haɗa da himma, kyakkyawan fata, juriya da iya hulɗa, kuma ya rubuta cewa gwajin IQ, wato gwajin kaifin ƙwaƙwalwa, idan ya yi yawa, yana bayyana kusan kashi 20 cikin 100 na abubuwan da ke kawo nasara a rayuwa, sauran kashi 80 kuwa na wasu dalilai ne. Daga nan kuskure ya samo asali. Masu shirya tarukan horaswa suka ɗauki jimlar suka juya ta, suna cewa basirar motsin rai ce ke da kashi 80 na nasara, alhali waɗancan "wasu dalilai" sun haɗa da gidan da aka haifi mutum, da lafiyarsa, da makarantar da ya samu, da damar da ta zo masa. Har yau ana maimaita wannan adadi a laccoci, kuma babu wani ingantaccen bincike da ya tabbatar da shi. Ina ganin wannan zuzutawa ta cutar da batun fiye da yadda masu sukarsa suka cutar da shi, domin ta sa wasu masana, irin su Edwin Locke a 2005, suka yi watsi da tunanin baki ɗaya, alhali akwai ƙwayar gaskiya a cikinsa da ta cancanci a tsaya a kanta.

Ƙwayar gaskiyar ta fi bayyana a asibiti. Likitan ƙwaƙwalwa Antonio Damasio ya ba da labarin wani majinyacinsa da ya saka wa suna Elliot a littafinsa na 1994. An cire wa mutumin ƙari daga gaban ƙwaƙwalwa, kuma bayan tiyatar makinsa a gwajin basira ya kasance mai kyau, maganarsa daidai, tunawarsa lafiya lau. Abin da ya rasa shi ne jin abu a rai. Sakamakon haka sai ya kasa yanke shawara ko da a kan ƙaramin abu, yana iya shafe yini yana auna yadda zai jera takardu a ofis, ko bisa kwanan wata ko bisa girma, har aikin da aka sa shi ya wuce lokaci. Ya rasa aikinsa, dukiyarsa ta salwanta, aurensa ya mutu. Darasin da masana suka ɗauka shi ne cewa motsin rai yana cikin kayan aikin hankali, domin shi ne ke nuna wa mutum abin da ya fi muhimmanci a cikin zaɓuɓɓuka masu yawa.

To amma yarda da cewa motsin rai yana da amfani abu ne daban, auna gwanintar mutum a kansa kuma wani abu ne daban, kuma a nan ne mafi yawan ruɗanin yake. Hanyoyin aunawa iri uku ne, kuma duk da sunansu ɗaya, ba abu ɗaya suke aunawa ba. Hanya ta farko jarrabawa ce ta gaske, mai amsar da ta fi daidai da wadda ba ta kai ba. Mafi shahara ita ce MSCEIT, wadda Mayer da Salovey da David Caruso suka fitar a 2002, mai tambayoyi 141, inda ake nuna wa mutum fuska a ce ya faɗi abin da mai ita ke ji, ko a ba shi labarin wani da ya shiga wani hali a ce ya zaɓi matakin da ya fi dacewa. Hanya ta biyu ita ce a tambayi mutum ra'ayinsa game da kansa a kan waɗannan rassa huɗu, ya ce ya yarda ko bai yarda ba da jimloli irin su "nakan gane abin da mutane ke ji ko da ba su faɗa ba". Hanya ta uku ita ma tambayar kai ce, sai dai ta gauraya abubuwa da yawa, kamar amincewa da kai, fara'a, juriya da son shiga jama'a, kamar yadda yake a gwajin da Reuven Bar-On ya fitar a 1997.

Kowace hanya tana da rauninta. A jarrabawar gaske, tambayar ita ce wa ya ce wannan amsa ce daidai? Masu MSCEIT sun dogara da abu biyu, abin da mafi yawan mutane suka zaɓa da kuma abin da wani rukunin masana 21 suka zaɓa, wanda ke nufin cewa wanda ya ci maki mai yawa ya dace ne da ra'ayin jama'a ko na masana, kuma sanin amsa a takarda bai tabbatar da cewa mutum zai aikata ta ba lokacin da wani ya ɗaga masa murya. Raunin tambayar kai ya fi wannan girma. Bincike ya nuna sau da dama cewa dangantakar da ke tsakanin makin da mutum ya ba kansa da makin da ya ci a jarrabawar gaske ƙarama ce ƙwarai. A 2014 Oliver Sheldon da David Dunning da Daniel Ames suka gwada ɗaliban da ke karatun digiri na biyu a fannin gudanarwa, suka tarar cewa waɗanda suka fi rauni su ne suka fi yi wa kansu kyakkyawan zato, kuma bayan an nuna musu sakamakonsu, su ne suka fi ƙin neman hanyar gyara. Wannan ba abin mamaki ba ne idan aka yi tunani, domin gwanintar da mutum yake buƙata don ya lura cewa ya ɓata wa wani rai ita ce ainihin wadda ya rasa. Dama an ce laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Da wannan a zuciya za a iya duba abin da aka gano game da aiki. A 2011 Ernest O'Boyle da abokan bincikensa suka tattaro sakamakon nazarce-nazarce masu yawa wuri guda, suka tarar cewa dangantakar basirar motsin rai da ingancin aiki tana tsakanin 0.24 da 0.30, gwargwadon hanyar da aka bi wajen aunawa. A wannan ma'auni sifili yana nufin babu dangantaka, 1 kuma yana nufin abu biyun suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba tare da saɓani ba. Adadin 0.30 yana nufin cewa kusan kashi 9 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin ma'aikata wajen ƙwazo ne yake tafiya tare da wannan basira. A fagen nazarin halayyar mutane wannan ba abin rainawa ba ne, domin kaɗan ne daga cikin abubuwan da ake aunawa suke wuce haka, amma tazarar da ke tsakanin kashi 9 da kashi 80 ta isa ta sa mutum ya yi hattara da masu tallar horo.

Akwai kuma wata tambaya da ta fi wannan zurfi, wato shin basirar motsin rai tana ƙara mana wani sani a kan abin da muka riga muka sani game da mutum? Dana Joseph da abokan aikinta sun bi diddigin wannan a 2015. Sun nuna cewa gwajin gauraye, wato hanya ta uku da aka ambata a sama, yana da dangantakar 0.29 da ingancin aiki kamar yadda shugabanni suka kimanta shi, amma da aka cire rabon wasu sanannun halaye, wato naci da tsari, natsuwar rai, son shiga jama'a, kaifin ƙwaƙwalwa, makin jarrabawar gaske ta motsin rai, amincewa da iyawar kai da kuma yadda mutum yake kimanta aikinsa, sai dangantakar ta kusa komawa sifili. Ma'ana, gwajin yana hasashen ƙwazo ne saboda ya kwaso halayen da aka daɗe da sanin suna da amfani ya zuba su a mazubi ɗaya ya ba su sabon suna. Wannan bai mayar da shi banza ba, tunda mai ɗaukar ma'aikata yana iya amfana da shi a aikace, sai dai bai kamata a ce an gano wata sabuwar baiwa ba.

Abin da ya fi jan hankalina a dukkan wannan bincike shi ne cewa amfanin basirar ya dogara da irin aikin. A wani nazari da Joseph da Daniel Newman suka wallafa a 2010, sun nuna cewa rassan suna bin juna kamar matakala: sai mutum ya gane motsin rai kafin ya fahimce shi, sai ya fahimce shi kafin ya sarrafa shi, kuma sarrafawar ce take taɓa aiki kai tsaye. Sun kuma raba ayyuka gida biyu. A ayyukan da ke buƙatar mu'amala da mutane da nuna musu sakin fuska, kamar jinya, sayar da kaya da karɓar koke-koken abokan ciniki, basirar tana da alaƙa mai kyau da ƙwazo. A ayyukan da ba su buƙatar haka sosai, alaƙar takan ɓace, wani lokacin ma ta juya baya. Ana iya fahimtar dalili. Mai lissafin kuɗi da ke bin lambobi layi bayan layi ba ya ƙaruwa da komai idan hankalinsa yana kan yanayin fuskar wanda ke zaune kusa da shi.

A ɗauki ma'aikaciyar jinya da ke bakin aiki da tsakar dare. Wani mutum ya shigo ɗakin yana faɗa, yana cewa an bar mahaifiyarsa awa biyu babu wanda ya leƙa ta. Idan ta ji maganar a matsayin zargi kawai, za ta kare kanta, ta ce marasa lafiya suna da yawa kuma ita kaɗai ce, kuma duk abin da ta faɗa gaskiya ne, amma muryarsa za ta ƙara hawa. Idan kuwa ta lura da yadda idanunsa ke komawa kan gadon bini-bini, da yadda yake murza hannuwansa, za ta gane cewa tsoro ne ke magana. Sai ta haɗiye nata ɓacin ran na ɗan lokaci, ta matsa kusa da gadon, ta duba numfashin majinyaciyar a gabansa, ta gaya masa abin da aka riga aka yi da abin da ake jira da lokacin da likita zai zagayo. Cikin minti biyar rigimar da za ta iya cinye rabin awa ta mutu, kuma a cikin bayanin da mutumin ya yi bayan ya natsu tana iya jin wani abu game da magungunan da mahaifiyar take sha wanda babu shi a fayil. A nan basirar motsin rai ta shiga cikin ingancin jinyar kanta. Amma a lura cewa da ba ta san aikinta ba, da ba ta iya duba numfashi ko fahimtar muhimmancin maganin da aka ambata ba, da tausasawar ba ta warkar da kowa ba.

Stéphane Côté da Christopher Miners sun ƙara wani haske a 2006, bayan sun nazarci ma'aikata 175 na wata babbar jami'a. Sun tarar cewa basirar motsin rai ta fi yin tasiri ga ƙwazon waɗanda makinsu a gwajin ƙwaƙwalwa bai yi yawa ba, kamar dai tana cike musu giɓi, domin wanda ba ya saurin warware matsala shi kaɗai yana iya kaiwa ga sakamako ta hanyar samun taimakon abokan aiki da kiyaye natsuwarsa. Bincike ɗaya ne a wuri ɗaya, amma ya dace da abin da mutane da yawa suka gani da idonsu.

Sarrafa motsin rai kuma ba iri ɗaya ba ne, kuma wannan bambanci ne da masu horaswa sukan tsallake. Masaniyar zamantakewa Arlie Hochschild, a nazarin da ta wallafa a 1983 kan ma'aikatan cikin jirgin sama da masu aikin karɓo bashin da ake bin mutane, ta nuna cewa akwai ayyukan da murmushi ko ɗaure fuska yake cikin abin da ake biyan mutum dominsa. Ta bambance wanda yake yaƙe a fuska alhali ransa a ɓace yake da wanda yake ƙoƙarin sauya abin da yake ji tun daga ciki. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa yaƙen dole yana tafiya tare da gajiyar rai da ƙosawa da aiki. James Gross na Jami'ar Stanford ya bi wannan ta hanyar gwaji. Ya kwatanta danne abin da ake ji da sake fassara lamarin, wato mutum ya ce wa kansa, misali, wannan abokin ciniki ba da ni yake ba, da matsalarsa yake. An ga cewa masu dannewa sukan manta wani ɓangare na abin da ya faru a gabansu, saboda hankalinsu ya tafi wajen tsare fuska, kuma a wani gwaji hawan jinin abokin hirarsu ma ya ƙaru. Saboda haka wanda ake yabo da cewa ba ya taɓa nuna fushi ba lallai ne ya zama gwani ba. Yana iya zama mutum ne da ke ƙonewa a ciki, kuma wata rana abin zai fito ta wata hanya.

Tasirin bai tsaya ga mutum ɗaya ba. A 2010 Anita Woolley ta Jami'ar Carnegie Mellon da abokan bincikenta suka gwada mutane 699 a ƙananan rukunoni, suka tarar cewa rukunin da ya fi iya warware ayyuka iri-iri shi ne wanda mambobinsa suka fi iya karanta yanayin juna kuma suke ba juna damar magana daidai wa daida, kuma kaifin ƙwaƙwalwar wanda ya fi kowa a rukunin bai yi tasiri kamar yadda aka zata ba. Kafin nan Amy Edmondson ta Harvard ta lura a asibitoci cewa sassan da ke da shugabanni nagari sun fi ba da rahoton kurakurai, kuma bayanin da ta kai gare shi shi ne cewa a can mutane ba sa tsoron faɗa. Shugaban da ya iya riƙe fushinsa lokacin da aka kawo masa mummunan labari yana sayen wani abu mai tsada, wato a ci gaba da kawo masa labari da wuri.

Idan aka koma makaranta, hujja mafi girma ita ce nazarin da Carolyn MacCann ta Jami'ar Sydney da abokan aikinta suka wallafa a 2020, wanda ya haɗa bayanan ɗalibai 42,529 daga firamare har jami'a. Dangantakar basirar motsin rai da maki gaba ɗaya ta kai 0.20. Amma da aka rarrabe, jarrabawar gaske ta ba da 0.39, gwajin gauraye 0.19, tambayar kai kuma 0.12 kacal. Bayan an cire rabon kaifin ƙwaƙwalwa da halayen mutum, abin da ya rage wa basirar ita kaɗai bai wuce kashi kaɗan cikin 100 ba, kuma masu binciken sun sanya ta a matsayi na uku bayan kaifin ƙwaƙwalwa da naci. Sun kuma ga cewa alaƙar jarrabawar gaske da maki ta fi ƙarfi a fannonin adabi da tarihi fiye da lissafi da kimiyya, abin da ke da sauƙin fahimta, tunda wanda zai yi sharhin dalilin da ya sa wani tauraro a labari ya ci amanar abokinsa yana amfani ne da ainihin sanin zukatan mutane.

Wani zai ce kashi ɗaya ko biyu cikin 100 bai taka kara ya karya ba. Amma karatu abu ne mai taruwa, kuma ƙaramin bambanci da ke maimaituwa kowane mako na shekaru goma sha biyu yana iya raba wanda ya haye da wanda ya tsaya a bakin layi. Hanyar da abin yake bi ma a bayyane take. Ƙwaƙwalwa tana da wani ɗan fili da take riƙe bayani a cikinsa yayin da take aiki da shi, kuma filin ƙarami ne. Ɗalibin da ke warware lissafi yana kuma tunanin abin da za a ce a gida idan ya faɗi ya raba wannan fili biyu, sai ya yi kuskuren da ba zai yi ba a ranar da hankalinsa yake kwance. Fargaba ba ita kaɗai ba ce. Gundura da jin kunya suna cin karatu a ɓoye, kamar yadda binciken Reinhard Pekrun kan motsin ran ɗalibai ya nuna, musamman game da gundura.

A duba ɗalibai biyu da aka mayar wa takardar gwaji da jan biro ko'ina. Ta farko ta ninke takardar ta tura ƙasan jaka, ba ta sake buɗe ta ba, domin kallonta yana tuna mata da kunyar da ta ji, kuma a darasi na gaba ta koma kujerar baya don kada malami ya kira ta. Ta biyu ita ma ranta ya ɓaci, wataƙila har ta yi kuka, amma ta san cewa wannan zafin yana wucewa, sai ta bari ya lafa, washegari ta buɗe takardar ta ga cewa kurakuran nata iri biyu ne kawai suke ta maimaituwa, ta je ta ce, "Malam, ban gane wannan wurin ba." Kaifin ƙwaƙwalwarsu yana iya zama ɗaya. Abin da ya raba su shi ne cewa ɗaya ta iya zama da ɓacin rai har ta ciro bayani daga cikinsa, kuma ta riƙe alaƙarta da wanda zai taimake ta. A jami'a, inda babu mai bin ɗalibi da tambayar ko ya yi aikin gida, wannan bambanci yakan ƙara fitowa fili.

Duk da haka dole a yi taka-tsantsan, domin yawancin waɗannan alkaluma suna nuna tafiya tare ne, ba su tabbatar da wanne ya haifi wanne ba. Yaron da ya tashi cikin kwanciyar hankali da kulawa yana iya samun natsuwa da maki mai kyau a lokaci guda, kuma nasara ita kanta tana kwantar da rai. Hujjar da ta fi kusa da nuna sanadi ta fito ne daga shirye-shiryen koyarwa. A 2011 Joseph Durlak da abokan aikinsa suka tattaro sakamakon shirye-shirye 213 da aka gudanar a makarantu don koya wa yara gane motsin rai da zama da juna, waɗanda suka shafi ɗalibai sama da 270,000. Yaran da suka shiga sun fi takwarorinsu a karatu da kimanin mataki 11 idan aka jera ɗalibai daga 1 zuwa 100, kodayake wani ɓangare ne kawai na shirye-shiryen ya auna maki. Waɗanda suka yi aiki sosai su ne masu tsari bi da bi, masu sa yara su gwada abin da hannunsu, masu keɓe lokaci da manufa bayyananna. Ga manya ma, nazarce-nazarcen da aka tattara sun nuna cewa horo yana ɗaga makin basirar daidai gwargwado, musamman inda ake yin atisaye ana samun gyara, saɓanin laccar yini ɗaya.

Akwai fuska ta biyu da ba a cika son ambata ba. Gwaninta a karanta zukata ba ta zo da alƙawarin kyakkyawar niyya ba. Côté da abokan aikinsa sun nuna a 2011 cewa sanin dabarun sarrafa motsin rai yana ƙarfafa duk halin da ya tarar, mai son alheri ya ƙara taimako, mai son kai kuma ya ƙara iya cutar da abokan aikinsa. Ɗan damfara ma yana karanta fuska, kuma sau da yawa ya fi wanda yake damfara iyawa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu ma'aikatu ke amfani da batun don sauke nauyin da ke kansu. Idan an rage ma'aikata, an ninka aiki, albashi yana jinkiri, shugaba yana wulaƙanta na ƙasa, sannan aka kira taron koyar da sarrafa fushi, to an ɗora wa wanda aka zalunta alhakin gyara. Fushin ma'aikaci a irin wannan hali bayani ne sahihi game da wurin, kuma ɗaya daga cikin rassan basirar shi ne a saurari abin da motsin rai yake nunawa. Haka ma a makaranta, yaron da ke shiga aji da yunwa ko tsoron duka ba darasin natsuwa ne farkon abin da yake buƙata ba.

Game da ɗaukar ma'aikata kuwa, gwajin da mutum ke ba kansa maki yana da sauƙin yaudara, domin duk mai neman aiki ya san amsar da ake son ji. Jarrabawar gaske ta fi wuyar yi wa wayo, amma ita ma tana ɗauke da al'adar waɗanda suka rubuta ta. Hillary Elfenbein da Nalini Ambady sun nuna a 2002 cewa mutane sun fi gane motsin rai a fuskokin 'yan al'ummarsu fiye da na baƙi, kuma abin da wata al'umma ke ɗauka ladabi, kamar sunkuyar da kai ko yin shiru a gaban babba, wata tana iya karanta shi a matsayin rashin gaskiya ko rashin kuzari. Hanyar da ta fi aminci ita ce tattaunawa mai tsari, inda ake yi wa kowane mai nema tambayoyi iri ɗaya game da abin da ya aikata a wani hali na gaske, kamar yadda ya yi da abokin aikin da suka saɓa ko yadda ya karɓi gyaran da bai ji daɗinsa ba, sannan mutum fiye da ɗaya su ba da maki bisa ma'auni guda. A sake nazarin hanyoyin ɗaukar aiki da Paul Sackett da abokansa suka wallafa a 2022, irin wannan tattaunawa ce ta zo a sahun gaba wajen hasashen ƙwazo, har ta wuce gwajin kaifin ƙwaƙwalwa wanda ya daɗe yana riƙe da wannan matsayi.